Kitsen da Nemesio Ya Shafa

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da abinci a bayan rumfunan ƙananan jirage a filin jirgin Trinidad, kuma har yau hancina ya ƙi sabawa da ƙarnin wurin. Mutanen gari in sun ji an ce matuƙin jirgi, farar riga suke hangowa da baƙin tabarau da ƙamshin turare. To su zo su tsaya inda nake girka tukunyata da ƙarfe tara na safe, lokacin da jiragen nama suke dawowa. Da damina ruwa yakan cinye hanyoyin mota, sai a yanka shanu can a gidajen kiwo da sassafe, a raba kowace gida huɗu, a cusa a jirgin da aka cire wa kujeru, a iso da naman gari yana tururi. Ana buɗe ƙofa jini ya fara tsiyaya, ƙudaje su yi dafifi, ungulaye su jeru a kan kwanon rumfa suna leƙe. A haka matuƙan za su zo su baje min a benci, takalma duk gudan jini, su ce, "Doña Lindaura, zubo masako da kofi." Ni kuwa in daka musu masakon, wato rogo da cuku, in miƙa ina kau da kai.

Wanda yake kwashe wannan ƙazanta bayan kowa ya watse shi ne Nemesio Tamo. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, marar yawan magana. Daga wani ƙauye na wajen San Ignacio ya zo yana ɗan shekara ashirin da biyu, zaune a kan cinyar saniyar da aka yanka, don babu sauran wuri a jirgin. Bai koma ba. Kyaftin Dagoberto Melgar, wanda kowa ke kira Kyaftin Dago, mai jirage huɗu, shi ya ba shi guga da buroshi ya ce ga aiki. Da aka yi wa 'yar Nemesio baftisma ni na tsaya mata a matsayin uwa, tun daga ranar yake kirana komadre, ina kiransa kompadre.

Aikin ba a saman jirgi yake ba, a ƙarƙashin daɓen yake. Nemesio zai kwanta rubda ciki, ya kwance murafen ƙasa da sukundireba, ya zura hannu har kafaɗa yana kwaso daskararren jini da gwangwanin kifi. In jirgi ya kwana biyu ba a buɗe shi ba, har da tsutsa. Ƙarnin ya kama fatarsa ta yadda sabulu ya gaza, ko a coci in ya zauna sai ka ga bencin ya yi fili. Matuƙan suka raɗa masa Ungulu, ya bi shi har 'ya'yansu ma haka suke kiransa.

A ƙarƙashin daɓen nan ne igiyoyin ƙarfe suke bi, waɗanda suka haɗa sitiyarin matuƙi da jela da fukafukai. Jini yana ɗiga a kansu, ga ruwan gishirin ƙiraga da ake ɗaukowa, don haka tsatsa ba ta da wuyar kama su. Maganin da muka gada a rumfunan nama shi ne kitse. Kitsen shanu, narkakke, a zuba a gwangwani ya daskare, duk bayan wanki mai wankin ya lakato ya mulke igiyoyin da shi. Sitiyari ya yi laushi, igiya ta yi ƙyalli, kowa ya ji daɗi. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin kitsen. Kuma kada in ɓoye nawa: ni nake narka musu shi, duk ranar Litinin, a tsohuwar tukunyar da na ware.

Mutum ɗaya ne a rumfar Dago bai taɓa ce masa Ungulu ba, wato Kyaftin Lisandro, wani dogon matuƙi mai yawan dariya. In za a tafi ɗauko nama jirgi yana fanko, yakan tafi da Nemesio don lodi, in sun yi sama ya saki sitiyari ya ce, "Riƙe min, Nemesio, zan sha taba." Tun yana riƙewa a tsorace, har ya zama shi yake kai jirgin, shi yake saukar da shi a kan ciyawa. Lisandro ne ya fara ce masa, "Kai matuƙi ne, takarda ce kawai ba ka da ita." Shekara goma sha tara ke nan da jirgin Lisandro ya faɗi a hayin kogin Mamoré, cike da nama, ranar da iskar kudu ta taso. Aka ce iskar ce, muka binne shi, aka ci gaba da aiki. Sauran matuƙan suka gaji al'adar, ba don ƙauna ba: duk wanda ya kwana yana shan giya sai ya ja Ungulu ya miƙa masa sitiyari, shi ya jingina yana minshari. In an sauka kuwa, shi ne kyaftin, Nemesio ya ɗauki guga.

Sai da matarsa ta rasu, 'yar ta yi aure ta koma Riberalta, sannan ya zo ya zauna a bencina wata safiya ya ce, "Komadre, na rubuta sunana a makarantar tuƙi."

Na ce, "Da shekara hamsin da ɗaya? Kai da rabonka da alƙalami tun ranar ɗaurin aurenka?"

Ya ce, "Ƙaramin lasisin nake so, wanda ba na haya ba. Ba aikin kowa zan ƙwace ba. In ga sunana a jiki, shi ke nan."

Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar rubutu, a na uku ya haye. Likitan matuƙa ya duba shi ya ga farar yana ta fara rufe idonsa na hagu, ya ba shi takardar lafiya mai aiki zuwa ƙarshen Agusta, ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa bai ga alamar zai sake sa masa hannu ba. Abin da ya rage shi ne jarrabawar sama, wadda mai jarrabawa yake zama kusa da kai ka tashi da shi. Mutumin daga La Paz yake zuwa, bayan wata uku-uku, kuma aka sa zuwansa ranar goma sha tara ga Agusta. Ke nan dama ɗaya Nemesio yake da ita a duniya, babu ta biyu.

Malamarsa wata yarinya ce, Kyaftin Marioly, sa'ar 'yarsa, mai kaifin baki. Takan zo cin abinci wurina tana mita. "Doña Lindaura, hannun mutumin nan ban taɓa ganin irinsa ba, yana ajiye jirgi kamar yana ajiye ƙwai. Amma halin daji ya yi masa katutu! Jiya mun zo sauka a kan kwalta, hasumiya ta ba mu izini, sai ya wuce ƙasa-ƙasa ya sake zagayowa. Na ce lafiya? Wai yana korar shanu. Shanu, a filin jirgin Trinidad!"

Nemesio ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai hannun ne ya saba, Kyaftin."

"Kuma in ce ya lissafa min nauyi, sai ya je ya danna jelar jirgi ƙasa, wai in ta dawo sama da kanta lodi ya yi daidai."

"Haka ake yi."

"Haka ake mutuwa dai, Don Nemesio."

Wata biyu bencina ya zama aji. Ta rubuta masa tambayoyi a ƙananan katuna, ni nake riƙewa ina yi masa tsakanin daka da suya. In injin ya mutu a sama me za ka fara yi? In jirgi ya rasa gudu ya fara karkarwa fa? Ya ɗauki ludayina ya kara a baki yana koyon magana da hasumiya, don a oba-oba harshensa sarƙewa yake yi. Matuƙan Dago suna gefe suna cika ciki suna shewa. "Hasumiya, hasumiya, ga Ungulu yana neman izinin sauka a kan mushe!" Su kwashe da dariya har da buga tebur, mutanen da ya sha kawowa gida lafiya suna barcin maye. Sau nawa na ji kamar in watsa musu ruwan kofi a fuska.

Akwai tambaya ɗaya da Marioly ta fi nanatawa. Ta ce bayan an gama zagaya jirgi ana dubawa, kafin a shiga, mai jarrabawa zai tsaya ya ce, wannan jirgin ya cancanci tashi? "Kuma kai yake tambaya, Don Nemesio. Ba mai jirgi ba, ba bakanike ba. Daga ranar da ka zauna a kujerar hagu, ta matuƙi, amsar taka ce."

Saura kwana goma sha biyu, ya zo bencina da rana ya zauna, na ajiye masa shinkafa da busasshen nama, ya ƙura wa kwanon ido bai taɓa ba. Sai da na matsa masa ya yi magana. Ashe a ranar Marioly ta kai shi wurin bakaniken makaranta don ya ga cikin jirgi, bakaniken ya nuna masa yadda ake duba igiya: a goge ta tas, sai a naɗa tsumma a hannu a bi ta a hankali. In tsumman ya wuce sumul, lafiya. In ya sarƙe, to wani sili na ƙarfen ya tsinke.

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Tsumma ba ya sarƙewa a kan kitse, komadre."

Na gane abin da yake nufi sarai. Na ce ya ci abincinsa kada ya huce, ya ce to, muka bar maganar a nan. Litinin ta zagayo na narka kitse kamar kullum, ya zo ya ɗauka kamar kullum, ba wanda ya dubi idon wani.

Ana saura mako guda injin jirgin makarantar, wanda shi kaɗai gare su, ya fara zubar da mai, bakanike ya sauke shi ya ce sai an kawo kaya daga Santa Cruz. Hankalin Marioly ya tashi. Sai ga Kyaftin Dago ya zo da tumbinsa da sarƙar zinare a wuya, ya tsaya a gaban jama'a yadda kowa zai ji, ya ce ai Ungulu ɗan gida ne, ya ba shi aron ƙaramin jirginsa mai kujera huɗu, irin na makarantar sak, wanda yake ɗaukar ƙiraga da cuku. Aka yi ta tafi. Ni na san Dago, ba alheri ne ya dame shi ba, so yake a riƙa ba da labari a mashaya cewa har mai wankinsa ya mayar matuƙi.

Kuma akwai abin da suke ɗoki. Al'adarmu ce duk wanda ya ci jarrabawar sama, yana saukowa a juye masa bokitin baƙin mai, tsohon man injin, daga kai har ƙafa. Na Nemesio sai suka ce ai Ungulu ya fi ƙarfin baƙin mai kaɗai. Suka zuba jini a ciki, suka ƙara da kayan tumbi, suka ajiye bokitin a rana bayan rumfa kwana uku yana kumfa. In iska ta kaɗo ta wajen, masu cin abincina sai su ajiye cokali. Na yi magana, aka ce Doña Lindaura ba ta san wasa ba.

A cikin makon, sau uku Nemesio da Marioly suna tashi da jirgin don hannunsa ya saba. Sauran lokacin wanki yake yi. Ya wanke shi da sabulu, ya bi da lemon tsami, ya mayar da kujeru, ya goge gilashi, ya liƙa sabon hoton Budurwar Loreto, waliyyiyarmu ta coci, kusa da agogunan jirgin. Duk da haka in ka sa kai ciki, ƙarnin yana nan yana jiranka.

Ranar goma sha tara na zo da wuri, da farar rigarsa da na goge masa da farin hankici a aljihun. Na haɗo da gwangwanin kitse, don na san zai so sitiyari ya yi laushi. Na same shi kwance rubda ciki a cikin jirgin, murfin ƙasa a buɗe, kusa da shi kwalbar fetur. Ba shafawa yake yi ba, kankarewa yake yi. Kitse ne kan kitse, na bana a kan na bara, na ƙasan ya zama baƙi ƙirin yana wari kamar rijiyar da ɓera ya mutu a ciki, har da ƙananan tsutsotsi suna motsi. Da ya kai ga igiyar sai ga ta ja jawur.

Ya ce, "Ba ni hankicin nan, komadre."

"Na aljihun rigarka ne."

"Ba ni dai."

Ya naɗa shi a yatsu ya bi igiyar a hankali. Ta tafi, ta tafi, da ta kai inda take lanƙwasa a kan wata 'yar taya, sai na ji ƙiii. Ya zaro hannu, hankicin ya yage, yatsansa yana jini. Ya haska da tocila, na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Zaruruwan ƙarfen sun tsittsinke sun miƙe tsaye kamar gashin buroshi, abin da ya rage a haɗe bai kai rabi ba. Ya ce igiyar jela ce, wadda take ɗaga hancin jirgi da sauke shi.

Abin da na faɗa a lokacin, har gobe ina jin kunyarsa. Na miƙa masa gwangwanin na ce, "Shafa ka rufe, kompadre. Awa ɗaya ce tak. Jiya ka tashi da shi ka dawo, makon jiya buhu nawa na ƙiraga ya ɗauko? Ka karɓi takardarka tukuna, gobe ka faɗa wa duk wanda kake so."

Muna haka Dago ya shigo, ya leƙa, ya yi tsaki. "Wa ya sa ka wannan tone-tonen? Igiyar nan ta girmi malamarka, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Rufe min jirgi, Ungulu, ga mutumin can ya sauka."

Nemesio ya mayar da murfin ya ɗaure, ya wanke hannu a famfo, ya sa farar riga. Kitsen dai bai taɓa shi ba, na koma da gwangwanina.

Mai jarrabawar wani siriri ne mai furfura, da rigar sanyi a hannu irin ta mutanen tudu, yana ta share gumi. A bencina suka zauna, don nan ne inuwa. Sama da awa guda yana yi wa Nemesio tambayoyi, taswira a shimfiɗe, ni ina jujjuya tukunyar da ba ta bukatar juyi ina bin amsoshin a zuciyata. Ya lissafa nauyi da fensir, bai ko kalli jelar jirgi ba. Ya faɗi abin da zai yi in injin ya mutu, daki-daki. Sau ɗaya ya yi tuntuɓe ya gyara da kansa. Na ga mutumin yana gyaɗa kai, na ga Marioly tana murmushi a ɓoye. Can bayan rumfa matuƙan sun ja bokitinsu kusa, sun toshe hanci suna ƙyaƙyatawa.

Suka tashi suka nufi jirgin. Nemesio ya zagaya shi da takardar dubawa a hannu, yana karanta kowane layi da ƙarfi yadda aka koya masa. Ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya ɗaga a rana, ya shafa farfela, ya duba tayoyi, ya motsa jela sama da ƙasa, ta motsa lafiya lau. Suka dawo bakin ƙofa. Mai jarrabawar ya rufe littafinsa ya ce, "To, Don Nemesio, wannan jirgin ya cancanci tashi?"

Ina tsaye da ludayi a hannu ina roƙon Allah ya ce e. Wallahi abin da nake roƙo ke nan.

Ya daɗe yana kallon kujerar hagu. Sannan ya ce, "Bai cancanta ba, ranka ya daɗe."

Ya ciro sukundireba daga aljihun wando, ya durƙusa da farar rigarsa, ya kwance murfin. Warin da ya taso ya sa mutumin La Paz ja da baya yana toshe hanci. Ya daure ya leƙa, ya karɓi tocila ya sake leƙawa, ya lakato abin da ke jikin ƙarfen ya murza a yatsa.

"Wannan mene ne?"

"Kitse ne. Na shanu."

"Wa yake shafa shi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Shekara ashirin da tara."

Marioly ta leƙa ita ma, ta ɗago fuskarta ta yi fari fat. Ta ce, "Sau uku na hau wannan jirgin da kai a makon nan."

Ya ce, "Na sani, Kyaftin. Tun kafin mu hau nake zargi, tsoron dubawa na ji. Ki yafe min."

Mai jarrabawar ya ce tambayoyin baki ya ci su, amma ba zai iya sa hannu a kan tashin da ba a yi ba. Jirginsa na komawa ƙarfe biyu zai tashi, in an samo wani jirgin kafin sha biyu, yana nan zaune. Marioly ta hau babur ɗinta ta bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya. A nan na ga abin da ya fi bokitin can tayar min da zuciya. Rumfa bakwai ce a layinmu, kowa ya san Nemesio, rabinsu ya taɓa kawo su gida. Amma labari ya riga ta isa cewa baƙon yana leƙa ƙarƙashin daɓe. Cikin minti goma ƙofofi suka rurrufe. Wannan ya ce batirinsa ya mutu, wancan ya ce ya manta makulli a gida, jirage biyu kuwa muna kallo suka tashi fanko, wai an kira su da gaggawa. Kowa ya san abin da ke ƙarƙashin nasa daɓen. Ta buga waya Santa Cruz, aka ce babu gurbin jarrabawa sai tsakiyar Satumba.

Ƙarfe ɗaya mutumin ya rubuta takardar hana jirgin tashi, ya miƙa wa Nemesio hannu, ya ce sai Nuwamba in Allah ya kai mu. Nemesio ya ce Allah ya kai mu, alhali ya san takardar likitansa ba za ta ga Satumba ba.

Motar da ta ɗauki baƙon ba ta gama fita ba Dago ya zagaya bayan rumfa da kansa ya kinkimo bokitin. "Ni za ka tona wa asiri? Ni da na tsince ka a kan cinyar saniya? Lasisi kake so ko? Ungo lasisinka!" Ya juye masa shi a ka. Baƙin mai da ruɓaɓɓen jini da kayan tumbi suka gangaro ta fuskarsa, suka rufe rigar da na goge. Biyu daga matuƙan suka fara dariya, da suka ga ba mai taya su suka yi shiru. Dago ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a rumfar. Ni kuwa na zage shi tas, da shi da tumbinsa da sarƙarsa, amma zagin mace mai abinci ko a jikinsa.

Na ja Nemesio bakin famfo na zaunar da shi a kan bulo, ina zuba masa ruwa ina cuɗa kansa da sabulu. Na ce, "Da ka ji maganata, da yanzu takardar tana aljihunka." Har a lokacin bakina bai daina ba.

Ya share ido da bayan hannu ya ce, "Komadre, ranar da Kyaftin Lisandro ya faɗi, da safen nan ni na shafa wa jirginsa kitse. Na tuna har ya ce min sitiyarin ya yi laushi, ya gode."

Na ce ai iska ce, kowa ya san iska ce.

Ya ce, "Lisandro ya fi ƙarfin wannan iskar. Ya sha tashi a wadda ta fi ta."

Na ci gaba da zuba ruwan, ina sane da cewa kitsen ranar ma daga tukunyata ya fito.

Da Satumba likita ya duba idon ya girgiza kai, zancen lasisi ya ƙare a nan. Dago ya canza igiya ɗaya, wadda aka rubuta a takarda, bayan kwana tara jirgin ya koma ɗaukar ƙiraga. Sauran ukun ba wanda ya buɗe su. Ni na fasa tukunyar kitsen da taɓarya na jefar a bola, sai mai abincin tsallaken titi ta karɓi aikin, duk Litinin ina jiyo ƙaurinsa daga nan.

Yanzu Nemesio a wurina yake, shi yake daka rogo yana wanke kwanuka. Ƙarnin ya fara barin fatarsa, a coci ma an soma zama kusa da shi. Da safe in jiragen Dago za su tashi, yakan ajiye taɓarya ya fita bakin shingen waya ya tsaya, ya bi kowanne da idonsa mai kyau har ya ɓace. Ina zuba masa karin kumallo in rufe in ajiye, don na san ba zai ci ba. Sai ya ji jirgi na huɗu ya dawo ya taɓa ƙasa lafiya, sannan ya buɗe kwanon.